A Tsaida Ranar Haihuwa Ko A Jira Naƙuda? Tambayoyin Da Matan Zariya Ke Yawan Yi Min

Ni ungozoma ce ta asibiti, nan Zariya nake aiki, kuma wallahi ko gidan biki na je ba na tsira, ana cikin rabon abinci wata za ta matso ta ce Sista don Allah ga katina ki duba min. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda. Amma fa ban taɓa cikinki ba, ban auna jininki ba, wanda ke duba ki wurin awo shi ya san halin da kike ciki. Wannan don ki shiga wurinsa kin san abin da za ki tambaya ne.

Wai Sista in an ce za a ba ni rana, tiyata kenan?

Ba lallai ba, iri biyu ne. Akwai wadda za a ce ta zo ranar kaza a tayar mata da naƙuda da magani ta haihu da kanta, wato abin da mata ke cewa an sa mata ruwan naƙuda. Akwai kuma wadda za a ce kar ki ci komai tun dare, ki zo da safe a yi miki aiki. Mutane sun haɗe su wuri guda, da likita ya ce za mu ba ki rana sai ki ga mace ta fashe da kuka ta ɗauka wuƙa ce. Ki buɗe baki ki ce Likita wanne kake nufi, kuma saboda me.

Ranar da aka rubuta min a kati ta wuce da kwana uku shiru, uwar mijina ta ce na shiga wata goma, hankalina ya tashi.

Ki gaishe min da Hajiya, lissafinta daidai ne, namu ma daidai ne. Mu kwana 280 muke ƙirgawa daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, sati 40 kenan. Ita kuma da watan Musulunci take ƙirga, shi kuwa kwana 29 ne ko 30, wata tara ba su wuce kwana 266 ba, kin ga duk macen da ta kai ranarta ta riga ta ci sati biyu cikin wata na goma, ba wani abu ne ya same ta ba. Sannan ita ranar da aka rubuta miki a kati, wato EDD, kintace ce ba alƙawari ba, cikin mata 20 da ƙyar ɗaya ke haihuwa a ainihin ranar, saura ko su riga ta ko su wuce ta, masu cikin fari ma sun fi wucewa. Kwana uku ba komai ba ne in yaro na motsi yadda ya saba kuma jininki bai hau ba. Abin da ba na so shi ne mace ta ce tunda ranar ta wuce ai ta gama awo, ta naɗe kati ta jefa a durowa ta zauna. Yanzu ne ma ya kamata a riƙa ganinki duk sati.

Sikanin uku na yi, kowanne da ranar da ya ba ni. Wanne zan bi?

Na farko, in dai an yi shi cikin wata ukun farko. A lokacin duk ɗan tayi kusan girmansu ɗaya, in an auna tsawonsa kuskuren bai wuce kwana 5 zuwa 7 ba. Wanda aka yi a wata bakwai ko takwas kuwa yana iya kaucewa da har sati 3 gaba ko baya, domin a nan wani yaron ƙato ne wani ɗan firit, ita kuma na'ura girma take gani, ba ta ganin kwanaki. Ba a canza rana saboda sabon sikanin ya faɗi wata.

Nan fa duk maganar take, kuma nan muke da rauni a garin nan. Yarinya mai cikin fari kunya ta hana ta faɗa, wata tana ɓoyewa saboda baki ko saboda abokiyar zama, wata kuma kwanika ta yi tana goyo ba ta ma ga al'ada ba balle ta riƙe rana, sai ciki ya yi wata shida ko bakwai sannan a zo yankan kati. Toh irin wannan in aka ce a cire yaro a sati 38 bisa sikanin ɗin da aka yi a makare, ƙila sati 35 ne yake, mun yi bakwaini da hannunmu kenan. In kuma aka ce a jira sati 41, ƙila ta riga ta zarce 42 ba a sani ba. Duk mai son ta samu zaɓi a ƙarshen ciki, tun wata biyu ko uku take sayensa da kuɗin sikanin ɗaya.

An ce daga sati 37 yaro ya nuna. Ni kam na gaji, ba na barci, ƙafa ta kumbura, me zai hana a cire min?

Sannu, na san gajiyar nan, ballantana wadda watanta ya faɗo cikin zafin Afrilu ga ba wuta. Da can haka ake cewa, daga 37 zuwa 42 duk ɗaya ne. Amma a 2013 ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta raba abin, ta ce 37 da 38 farkon nuna ne, cikakkiyar nuna daga 39 ne zuwa ƙarshen 40, saboda an ga bambanci a jariran. Huhu yana kan ƙarasawa, ƙwaƙwalwa na kan girma sosai a satittikan nan, yaro na tara kitsen da zai riƙe masa ɗumi, kusan giram 200 yake ƙarawa duk sati. Ɗan 37 ya fi ɗan 39 yawan samun nishi da numfashi sama-sama, ya fi kasala wurin kama nono, sukarinsa ya fi saurin sauka, shawara ta fi kama shi, in kuma hunturu ne irin na Samaru sanyi ya fi shigarsa. Wanda aka ciro ta tiyata ba a yi naƙuda ba abin ya fi yawa a kansa, don naƙuda tana taimaka wa huhu ya rabu da ruwan da ke ciki. Sai ki ga an gudu daga gajiyar sati biyu an koma zaman ɗakin jarirai, uwa na jinyar ɗinki tana tatsar nono a kofi, uba na ta sintirin biyan kuɗi.

In naƙuda ta zo da kanta a 37 wannan daban ne, ba ma hana ta. Kumburin kuma ki je a duba shi, in har da fuska da hannu ne ba gajiya ba ce kawai.

Maigida zai tafi Umara, muna so a yi suna yana nan. Za a yarda?

Ire-iren wannan na ji su da yawa, mai jarabawa a ABU, mai son ta haihu kafin azumi, mai tsoron yajin aikin likitoci, har wadda ke son ranar ta zo ɗaya da ta babansa. Ba na yi musu dariya, uzuri ne na gaske. Amma ƙasa da sati 39 ba dalilin lafiya, ni dai ba da ni ba. In kin cika 39 da lissafi mai kyau, toh ana iya zama da likita a duba bakin mahaifa a ga ko ya fara laushi. Rago kuwa ko Alhaji na Makka ana yanka shi, ƙaninsa ya tsaya.

Toh wane irin dalili ne ke sa ku ce kar a jira?

Na gaba-gaba a wurinmu hawan jinin ciki. In awo ya kai 140 bisa 90 ga kuma sinadarin furotin a fitsari, wannan shi ne mafarin jijjiga, wasu su ce taune-taune, kuma tushen ciwon mabiyiya ce, ba ya warkewa sai ta fita. Shi ya sa in an kai sati 37 ake cewa a haihu, in kuma ya yi tsanani, irin 160 bisa 110 da ciwon kai da gani dishi-dishi, ba a ma jiran 37 ɗin. Na sha ganin dangi na cewa ai lafiyarta lau tana cin abinci tana hira, eh haka yake, ba ya sallama.

Sai faya ta fashe ba naƙuda, yawanci naƙudar kan biyo baya cikin awa 24, in ba ta zo ba a tayar domin ƙofa ta buɗe wa ƙwayar cuta. Sai mai ciwon suga, sai mai sikila wadda galibi ake shirya mata daga sati 38, sai yaron da ya daina girma ko ruwansa ya ƙafe. Tagwaye ma ba a barinsu su kai 40, in kowa da mabiyiyarsa wajen 37 zuwa 38, in guda suke rabawa wajen 36 zuwa 37. Wadda mabiyiya ta tare mata bakin mahaifa kuwa ba ta da zancen naƙuda kwata-kwata, tiyata ce a 36 zuwa 37 tun jini bai ɓalle ba, haka yaron da ya kwanta a gicciye ya ƙi juyawa shi ma aiki ne. In dole ta sa za a ciro yaro ƙasa da sati 34 akwai allurar ƙarfafa huhu da ake yi wa uwa, guda 4, awa 12 tsakani, kar ki tsallake ko ɗaya.

Na cika sati 41, ba abin da ke damuna, sun ce in zo a tayar. In na ƙi fa?

Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi macen da aka tabbatar ta kai sati 41 a tayar mata. Dalili, mabiyiya ita ma tsufa take, abincin da iskar da take kai wa yaro na raguwa, ruwa na raguwa, yaro na iya yin kashi a ciki ya shaƙa, wani kuma ya ci gaba da girma har ya gagari ƙugu, haɗarin mutuwarsa a ciki na hawa a hankali daga 41, bayan 42 ya ƙara hawa. Yawancin yara za su fito lafiya ko an jira, gaskiya ce, shi ya sa kowa ke da labarin gwaggonsa da ta yi wata goma sha ɗaya ta haifi ƙato. Wadda ba ta dace ba ce ba a ba da labarinta a gidan suna. Ba mai ɗaure ki, jikinki ne, in kin ce za ki ƙara kwana kaɗan toh a riƙa duba bugun zuciyarsa da yawan ruwa aƙalla sau biyu a sati, kuma kar a tsallake 42.

Ni a ganina ma matsalar Zariya ba gaggawa ba ce, jira ne. Tun tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a asibitin ABU nan garin, aka buga sakamakon a 1985, abin da ya fito fili shi ne waɗanda suka fi rasa rai su ne waɗanda ba su yi awo ba, aka kwaso su a gigice bayan an daɗe ana fama a gida. Wanda ya leƙa sashen masu yoyon fitsari a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ya ga abin da doguwar naƙuda ke bari.

Yaya ake tayarwar, kuma da gaske ta fi zafi?

Da farko a duba bakin mahaifa. Wani lokacin da yatsa kawai ungozoma za ta ɗan zagaya ta raba fatar faya da bakin mahaifa ki koma gida, ba daɗi amma yana sa wasu su fara da kansu. In bakin na nan a rufe da tauri sai a sa ɗan ƙanƙanin maganin misoprostol, ko a zura siririyar roba mai balan-balan a hura mata ruwa ta riƙa buɗa shi a hankali. In ya buɗe a fasa faya, a ɗaura ruwa mai oksitosin, maganin da ke sa mahaifa ta riƙa murɗawa, ana ƙirga ɗigonsa ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ana sauraren zuciyar yaro. Mai cikin fari ta zo da haƙuri, kwana ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne, kar dangi su cika baranda suna cewa an kasa. Zafi kam mata da yawa sun ce ta fi ta Allah da Annabi zuwa a jere ba hutu, ba zan ɓoye miki ba. Ki tambayi abin rage zafi da suke da shi, ba raki ba ne.

An ce duk wadda aka sa wa ruwan naƙuda ƙarshenta tiyata.

Abin da ya sa ake ganin haka, waɗanda ake sa wa ruwan dama masu matsala ne. A 2018 an fitar da wani babban bincike a Amurka mai suna ARRIVE, mata sama da 6,000 masu cikin fari lafiyayyu, rabi aka tayar musu a sati 39 rabi aka jira. Cikin waɗanda aka tayar wa kusan 19 cikin 100 aka yi wa tiyata, cikin waɗanda aka jira kusan 22. Kin ga tayarwa ba ta ƙara ba. Amma ban ce kowa ta ruga a tayar mata a 39 ba, can kowace mace an san kwanan cikinta tun farko, ga na'urar sauraren zuciyar yaro ɗaure a kan cikinta dare da rana, mu nan nas ɗaya na iya riƙe ɗaki guda cikin dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ce a tayar wa mai lafiya ƙasa da 41 don kwanaki kawai ba.

Akwai mai yin allurar naƙuda a gida a unguwarmu, ya fi sauƙin kuɗi.

Don girman Allah a'a. Maganin da muke bayarwa ɗigo-ɗigo cikin awanni shi ake dannawa gaba ɗaya a cinya, mahaifa ta ƙulle ba sassautawa, yaro ya rasa iska, ko ita mahaifar ta yage. Ba na manta wata mai ciki na shida da aka kawo mana a keke napep tsakar dare, wani mai kemis ya yi mata allura biyu don naƙuda ta ƙi gaba, ashe yaron a gicciye yake. Da aka shigo da ita ciwon ya ɗauke ɗif, 'yan rakiya har suna murna ta samu sauƙi, alhali mahaifa ce ta fashe. Ita ta rayu bayan leda huɗu ta jini, yaron bai zo da rai ba, mahaifar ma cire ta aka yi. Masu haihuwa da yawa su suka fi shiga wannan haɗarin don naman mahaifarsu ya riga ya saki. Haka ƙwayar misoprostol da ake saye a sa da kai, ita ma kar ki kuskura.

An yi min tiyata a haihuwar fari. Dole a sake, ko zan iya jiran naƙuda?

In sau ɗaya ne, yankan kwance aka yi a ƙasan mahaifa, kuma dalilin wancan karon bai dawo ba, misali wancan yaron a zaune ya zo wannan kuma da kai, toh kusan mata 3 cikin 4 da suka gwada suna haihuwa da kansu. Sharaɗin shi ne a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini a shirye, irin su asibitin ABU na Shika, ba gida ba, ba ƙaramin asibitin unguwa ba, domin ɗinkin na iya buɗewa, wajen mace 1 cikin 200. Tayarwa da magani na ninka wannan haɗarin, misoprostol kam ba a ba mai ɗinki. Ki ajiye takardar sallamarki ta wancan aikin, tana da amfani. In sau biyu ne ko fiye yawanci rana ake sawa, wajen sati 39.

Ga masu cewa su dai a yi musu aiki don tsoron naƙuda, ki tuna 'ya'ya nawa kike so. Kowane yanka na ƙara yiwuwar mabiyiya ta sauko ƙasa ko ta manne a tabon a ciki na gaba, wadda ke son biyu da wadda ke son bakwai lissafinsu ba ɗaya ba ne.

Mai sikanin ya ce cibiya ta naɗe wuyan yaro, kuma wai ƙato ne.

Cibiya a wuya muna ganinta kusan kullum, wajen yaro 1 cikin 4, zare ta muke in kai ya fito, ita kaɗai ba ta sa a tsaida rana. Nauyi kuma sikanin na kuskure da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, wanda aka ce kilo 4 ne ya fito 3 da rabi. Ki sa a gwada miki suga, ki kai wa likita takardar.

Maganin zaƙi, dabino, jiƙon kuɓewa, rubutu, suna kawo naƙuda?

Dabino ki ci abinki in ba ki da suga, kuɓewa ma miya ce, tafiya da 'yan aikace-aikace duk lafiya, sai dai ba su ke kiran naƙuda ba. Addu'a kuwa ni ma ina yi wa duk wadda na karɓa. Wanda nake tsoro shi ne jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba balle yawansa, wasu na murɗa mahaifa da gaske. In kin sha ki faɗa mana, ba duka za mu yi ba, so muke mu san da me muke fama.

Baban yara ya ce tsaida rana shisshigi ne, Allah ne ke da rana.

Gaskiya ya faɗa Allah ke da rana, na ga wadda aka ba Litinin ta haihu daren Asabar. Amma shi ma in zazzaɓi ya kama shi ai yana shan magani, kuma ya san hadisin ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ki zo da shi awo na gaba ya ji daga bakin likita, maza sun fi saukowa in da su aka yi maganar tun farko, ba a kira su a waya ana cewa zo ka sa hannu ba.

Ƙauyenmu ta wajen Soba ne, ga damina, kuma naƙudata ba ta daɗewa.

Wannan uzuri ne mai ƙarfi, ki faɗa wurin awo. Mafi sauƙi ki taho goyon ciki cikin gari tun sati 37 ko 38, wurin 'yan uwa a Tudun Wada ko Sabon Gari ko duk inda ya fi kusa da asibitinki. Wani likitan zai yarda ya ba ki rana a 39 in lissafinki tsaf yake.

Kuɗi fa?

Ya danganta da asibiti kuma farashi na canzawa, ki tambaya tun ana awo ki rubuta. Ko tayarwa za a yi ku tanadi na tiyata a gefe. A Nuwamban 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, amma a asibitocin da ke cikin tsarin ne, ki tambaya ko naki na ciki, mai katin KADCHMA, wato inshorar lafiya ta jihar Kaduna, ko inshorar tarayya ita ma ta tambayi abin da katinta ya ɗauke. Jini kuma maigida ya nemo masu bayarwa tun da rana tsaka, neman mai jini ƙarfe biyun dare ba daɗi.

Na zaɓi in jira. Me zan gani in tafi asibiti ba sai gari ya waye ba?

Jini ko kaɗan ne, ruwa ya zubo ko da ba ciwo, musamman in kore ne ko yana wari, ciwon kai mai tsanani ko ganin wuta-wuta ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, fuska ta kumbura, zazzaɓi, ciki ya ƙulle tamau ya ƙi saki. Sai motsi, in ya ragu ko ya canza daga yadda kika saba kar ki yarda da masu cewa ai in haihuwa ta matso yaro barci yake, yana motsi har cikin naƙuda, ranar za ki je ba gobe ba. Mai ɗinki kuma da ciwon farko za ta kama hanya. Jakarki da katinki su kwana bakin ƙofa, ki karɓi lambar mai keke napep biyu a unguwarku don ɗaya na iya kashe waya.